Hannun Dogon Zango

Ruwan ya sauka a kan cinyarsa tun kafin su kai ƙarshen layi. Auta, 'yarsa da ke jan motar, ba ta yi laifin komai ba. Wata akuya ce ta leƙo daga bayan katanga, ta dube su, ta koma abinta. Amma hannun Dogon Zango ya riga ya saki kofin ya cafke sitiyari, motar ta ɗan karkace, sannan ta tsaya.

"Baba," in ji Auta, ko juyowa ba ta yi ba, "akuyar ma ta fi ka natsuwa."

Ya dubi farin wandonsa da ya jiƙe sharkaf, ya dubi kofin da ke birgima a ƙarƙashin kujera. Dabarar kofin ta matarsa ce. Ita ta ce a cika shi fal da ruwa a ba shi ya riƙe da hannu biyu, in ya so a ga da wanne zai kama sitiyarin mutane. Tun da aka fara wannan atisaye, ruwan da kujerar nan ta sha ya isa a yi wa yaro wanka.

"Gani na yi kamar za ta tsallako," ya ce.

"Na gan ta tun kafin ka gan ta, ƙafata na kan birki." Ta ja birkin hannu, ta juyo ta dube shi da irin idon uwarta. "Yau fa ba ni ce zan zauna a kujerar nan ba. In ka yi wa ɗan mutane haka a gaban mai jarrabawa, shi ke nan, sai mu dawo gida ka ci gaba da sauraron rediyo."

A tasha ya samo sunan Dogon Zango. Ya fi shekara ashirin yana jan doguwar motar fasinja daga gari zuwa gari, bai taɓa kwantar da mota ba, bai taɓa kaɗe ko kaza ba. Tsofaffin mata kan bar wasu motoci su wuce don su jira lodinsa. Sai kamfanin ya koma hannun wasu. Sababbin masu shi suka zo da motoci masu sanyi, suka zo kuma da doka: duk direban da shekarunsa suka kai wani matsayi, ba shi ba doguwar tafiya. Aka yi musu taron ban kwana, aka tafa musu, aka ba kowa agogon bango. Ya kawo nasa gida ya rataye a falo, ya zauna yana kallonsa.

Zaman gida ya ci shi fiye da yadda hanya ta taɓa cinsa. Ya kwance famfon da bai lalace ba ya sake ɗaurawa. Ya fara shiga kicin yana ba da shawarar da ba a nema ba. Matarsa ta yi haƙuri har ta gaji, ran nan ta tura shi wajen tsohon kwandastansa, wanda Allah ya buɗa wa har ya kafa makarantar koyon tuƙi.

"Oga, kujera na nan, wallahi ta fi dacewa da kai," in ji tsohon kwandastan. "Sai dai yanzu hukuma ba ta yarda kowa ya koyar da tuƙi sai da takardar shaida."

"Ni za a ba takarda? Kai wa ya koya maka?"

"Kai ne, Oga." Ya shafa ƙeyarsa yana dariya. "Har yanzu in aka yi sanyi wurin na min zafi."

Haka Dogon Zango ya koma aji da furfurarsa, ya zauna cikin sa'o'in 'ya'yansa, yana haddace alamun hanya a wayar Auta. Jarrabawar rubutu ya ci ta, har malamin ajin ya sa aka tafa masa. Ta aiki ce ta kayar da shi. Ita wannan, ana ba ka ɗalibi sabo, ka zauna a gefensa ka koya masa a kan titi, mai jarrabawa na baya yana kallo. Doka guda ce aka nanata musu: malami ba ya taɓa sitiyari sai in rai na cikin haɗari. Ran da ya fara zuwa, ba su ko fita daga ƙofar harabar hukumar ba ya ƙwace motar daga hannun ɗalibin, ya lanƙwasa ta da hannu ɗaya, lanƙwasa mai kyau kuwa. Mai jarrabawa ya yaba lanƙwasar, ya kuma kayar da shi. Yau ce dama ta biyu, kuma ta ƙarshe a bana. Tsohon kwandastan ya sayo sabuwar mota, ba zai iya ajiye ta tana jiran shekara ba, in Oga bai samu ba dole ya ɗauki wani.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a gidan, amma kowa ya san da shi. Auta, wadda ta gama karatun haɗa magunguna tana aiki a wani kanti, ba a hannun ubanta ta iya mota ba. Ta fara da shi, ta gudu da kuka, ta je wajen wani baƙo ya koya mata. 'Yar Dogon Zango guda a hannun wani malamin tuƙi. Wannan abu ya tsaya masa a maƙogwaro, har yau bai wuce ba.

Da suka koma gida matarsa na tsaye a bakin ƙofa da wani wandon a goge a kafaɗarta. Ba ta tambayi komai ba, ta dai dubi jiƙaƙƙen ta miƙa masa busasshen.

"Kin dai shirya da ma," ya ce.

"Baban Auta, da kai nake zaune, ba da labarinka ba."

Yana sa kaya a ɗaki yana jin Auta na ba uwarta labari a falo, ba ta ko rage murya ba. "Ba hannun ne kaɗai ba, Mama. Ƙafarsa ta san komai, bakinsa bai san komai ba. In ka ce ya za a saki kuloci, sai ya ce a hankali. Ka ce a hankali kamar yaya, ya ce a hankali dai. In motar ta mutu, sai ya ce ai na ce miki a hankali."

Ya so ya leƙo ya yi musu, sai ya tsaya da maɓalli a hannu. Gaskiya ta faɗa. Shi bai san yadda yake sakin kuloci ba, kamar yadda bai san yadda yake haɗiye ruwa ba. Wanda ya koya masa ma ba da baki ya koya masa ba.

Matarsa ta shigo da hularsa ta zuwa taro, wadda ta sha guga har tana tsayuwa da kanta, ta ɗora masa, ta gyara mata zama.

"Ba za su yarda ka shiga da kofi ba, ko?"

"Ba za su yarda ba."

"To Allah ya riƙe maka hannu."

Shi ya ja motar zuwa ofishin hukumar, Auta na gefe. Bai ma yi tunanin wani abu daban ba. Ta nemi inuwa a wajen harabar ta ce a nan zai same ta.

Mai jarrabawar shi ne na wancan karon, wani matashi siriri mai tabarau, wanda ba ya ɗaga murya, ba ya kuma sauya magana. Ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, ka dai tuna yadda muka yi."

"Na tuna, Yallaɓai."

"Ga ɗalibarka can."

Wata mata ce babba, mai jiki, ta doshi hamsin, tana tsaye jikin motar koyo tana fifita da takardar izininta. Da ya matso ta dube shi daga hula har takalmi.

"Kai ne malamin? To in faɗa maka tun yanzu, ni ba na son tsawa. Malamina na farko tsawa ya yi min, na fito na bar masa motarsa a tsakiyar titi. Sista ake ce min, ungozoma ce ni a asibiti. Maigidana ya saya min mota, tana nan a gida kaji na kwana a ƙarƙashinta."

"Sannu, Sista. Ba za a yi tsawa ba."

Suka shiga. Kujerar gefen direba baƙuwa ce a wajensa, duk lokacin da ya zauna a kanta ji yake kamar ya sa takalmin wani. Ya dubi hannayensa a kan gwiwa, manya, masu kanta, suna kwance kamar ba su san komai ba. Bai yarda da su ba. Ya cire hularsa ya riƙe ta da hannu biyu a cinya. Mai tabarau, da ya zauna a baya, ya gani.

Sista ta gyara kujera, ta gyara madubi, ta yi bisimilla mai tsawo, ta tayar da mota. Sau biyu tana mutuwa kafin su motsa, shi kuwa yana ta cewa a hankali, a hankali, har ya ji kalmar ta gundure shi da kansa. A karo na uku motar ta zabura ta nufi ƙofa, ta nufi kuma ginshiƙin ƙofar. Hannunsa na dama ya ɗaga. Ya danne shi da na hagu, hular ta yi ƙara a tsakani.

"Ɗan karya hagu, Sista. Kaɗan. Ki dubi inda kike son zuwa, kar ki dubi ginshiƙin."

Ta karya. Suka fita, tsakaninsu da ginshiƙin bai fi tafin hannu ba. Sun dai wuce wurin da ya faɗi wancan karon.

A kan miƙaƙƙen titi Sista ta ɗan sake, bakinta ya buɗe. Ta ce abin da ya sa ta nace sai ta iya, kiran gaggawa ne. A kira ta mace na kan gwiwa, ta fito ta tsaya bakin titi tana ɗaga wa masu haya hannu, suna wucewa. Akwai ran da ta isa ta tarar an riga an haihu a baranda. Dogon Zango na sauraro da kunne ɗaya, idonsa na kan hanya, yana ce mata ta sa giya ta uku, ta bar wa mai babur wuri, ta kunna sigina. Har ya fara jin cewa abin zai yiwu.

"A shataletalen gaba ku bi dama," in ji mai tabarau daga baya. "Za mu hau gadar kasuwa."

Ya san gadar nan kamar tafin hannunsa. Hawa ne mai tsauri, danja na can a samanta, a wannan lokaci kuwa cunkoso ba ya yankewa. Direbobin da suka ƙware ma sukan ji jiki a wurin.

Haka kuwa aka yi. Suna tsakiyar hawan danja ta ba da ja, layi ya tsaya. Sista ta taka birki ta manta da kuloci, motar ta yi tari ta mutu. Ba komai, ya ce mata, ta sake tayarwa. Ta tayar. Danja ta ba da kore, motocin gaba suka tafi, ta ɗaga ƙafa daga birki, motar ta fara silalewa baya. A bayansu wata ƙaramar motar kaya ce shaƙe da kiret-kiret na ƙwai, direbanta ya kwanta a kan hon.

"Birki, Sista."

Ta taka da duk ƙarfinta, kawunansu suka yi baya suka dawo. Motar ta sake mutuwa. Ta sake gwadawa, ta sake silalewa, tazarar da ke tsakaninsu da mai ƙwai ta ƙara raguwa. Yanzu duk gadar hon ake yi. Masu talla sun tsaya kallo, wani mai babur ya ratso ta gefe yana faɗin abin da ba ya maimaituwa. Danja ta koma ja.

Sista ta cire hannayenta daga sitiyari ta ɗaga su sama.

"Malam, karɓi. Don Allah karɓi motarka. Ni na fasa, kajin su ci gaba da kwana."

Wannan bai shirya masa ba. Ya shirya wa hannunsa, bai shirya wa ɗalibar da za ta miƙo masa sitiyarin da kanta tana roƙo ba. Abin ba wuya. In ya zagayo ya zauna, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, kafin danja ta ƙifta sun haye. Duk jikinsa ya karkata wajenta.

Ana cikin haka wata doguwar mota mai sheƙi ta matso ta layin gefe ta tsaya daidai tagarsa. Ya san fentin, ya san tambarin. Direbanta, wani yaro da ya taɓa yi masa wankin mota a tasha, ya leƙo daga sama.

"Kai, Dogon Zango ne? Oga, kai ne a kujerar fasinja ana wasa da kai haka? Karɓi motar nan ka fitar da mutane mana."

Fasinjojin da ke jikin taga suka leƙo suna kallonsa. Kunya ta kama shi tun daga wuya har tsakar ka, irin kunyar da bai ji ba ko ran da aka ba shi agogo. Ya matse hular har ya ji zarenta na tsinkewa.

"Ɗalibata ce," ya ce wa yaron. "Ita za ta fitar da ku."

Ya ɗaga gilashi. Hayaniyar ta ragu. Ya juyo ya dubi matar, ya ga gumi na ɗiga daga haɓarta, ya ga kuma irin kallon da Auta ta yi masa ran da ta gudu.

"Ja birkin hannu, Sista. Yawwa. Yanzu motar ba inda za ta, ko kin cire ƙafa. Danna wancan jan maɓallin, su san muna da uzuri. To, in tambaye ki. In mace na kan gwiwa ta ce miki ta gaji, ki karɓa ki haifa mata, me kike ce mata?"

Ta harare shi. "Malam, yanzu lokacin hira ne?"

"Ki dai faɗa min."

"Cewa nake ba wanda zai haifa miki sai ke. In ce ta ja numfashi."

"To ja."

Ta yi wata 'yar dariya mai kama da kuka, ta ja numfashi, ta sauke. Hannayenta suka koma kan sitiyari da kansu. Ya ce ta taka kuloci har ƙasa, ta tayar, ta sa giya ta ɗaya. Ta yi. Saura abin da ya gagara. Ya buɗe baki zai ce a hankali, ya rufe. Ya nemi abin a ƙafarsa ta hagu, ya ji tana ɗagowa da kanta a kan dandamalin da ba kuloci, tana zuwa wani wuri ta tsaya. Tsayawar nan ce bai taɓa faɗa wa kowa ba, don bai san yana yin ta ba.

"Jariri ya yi barci a hannunki, kina so ki kwantar da shi kar ya farka. Yaya kike yi?"

"Sauke shi nake sannu sannu har in ji bayansa ya taɓa katifa."

"Sai ki zare hannu?"

"Haba, ai sai ya tashi. Tsayawa ake yi, hannu na ƙarƙashinsa, sai ya saki jiki tukuna."

"To shi ke nan, kin iya mota. Ɗago ƙafar hagun kamar kina sauke shi. Za ki ji gaban motar ya ɗan ɗaga, kukan injin ya sauya. Bayansa ya taɓa katifa ke nan. In kin ji haka ki tsaya, kar ki zare."

Ta fara ɗagowa, leɓenta a cije. Injin ya sauya murya, gaban motar ya ɗan yi sama.

"Na ji shi," ta ce a hankali, kamar kar ta tayar da wani.

"Riƙe shi nan. Ba shi mai kaɗan da ta dama. Kaɗan. Bar shi haka."

Danja ta ba da kore.

"Sauke birkin hannu."

Ta sauke. Motar ba ta yi baya ba. Ta ɗan tsaya cak a kan hawan kamar mai shawara, sannan ta fara hawa, sumul, ba tari ba zabura.

"Yanzu zare hannunki."

Suka haye gadar. Sista ta saki wata irin guɗa da ta cika motar, ta sa giya ta biyu ba wanda ya ce ta sa, tana dariya hawaye na zuba. Doguwar motar ta wuce su, yaron ya sake danna hon, amma wannan karon irin na gaisuwa, gajere sau biyu, yadda ake yi wa babba a hanya. Dogon Zango bai iya ɗaga masa hannu ba, yatsunsa sun ƙage a jikin hular. Wani daɗi ya cika masa ƙirji wanda bai san irinsa ba. Ya hau gadar nan sau ba adadi da mutane cike da mota, bai taɓa jin ya hau ta ba sai yau da ko feda bai taɓa ba.

Da suka dawo harabar, Sista ta shiga ƙofar ba ta ko kalli ginshiƙin ba. Ta kashe mota, ta juyo wajen mai tabarau tun kafin ya buɗe baki.

"Ɗana, ban san me za ka rubuta ba, amma ni dai na samu malami. Mu huɗu ne a ɗakin haihuwa da ba mu iya ba, duk zan kwaso su."

"Hajiya, bari in yi aikina," in ji mai tabarau yana murmushi. Ya jira ta fita, sannan ya dawo kujerar gaba ya zauna. "Baba, akwai gyara. Da za ku tashi a kan gada ba ka ce ta dubi madubi ba. Ka kuma yi magana da wani direba ta taga, ba a so. Farkon fitarmu kuwa ka ce a hankali har na daina ƙirgawa."

"Haka ne, Yallaɓai."

"Ban da wannan, da na kai ka gadar nan na ɗauka a nan za mu rabu. Yawanci a nan ake rabuwa." Ya cire tabaransa ya goge. "Ka ci, Baba. Maganar jaririn nan, in ba ka damu ba zan ara, ina da ƙanwa da ta gagare ni."

Dogon Zango ya ce alhamdulillahi. Matashin ya miƙo masa hannu su gaisa, sai a sannan ya saki hular. Dukansu suka dube ta. Ta koma kamar tsumman goge gilashi.

"Wannan kam ba ta ci jarrabawar ba," in ji mai tabarau.

Auta na zaune a kan bonet tana danna waya. Da ta hango shi ta miƙe, tana neman labarin a fuskarsa, shi kuwa ya ɗaure ta tamau don ya ja mata rai. Idonta ya sauka kan hular.

"Baba, ka taɓa?"

"Ko da ɗan yatsa."

Ta rufe baki da hannu biyu, ta yi tsalle a gaban mutane kamar ba ita ce mai ba marasa lafiya magani ba. Ta ce bari ta kira Mama, ya ce a'a, ta bari su je da kansu. Ya zaro makulli daga aljihu ya nufi ƙofar direba kamar kullum, har ya kama marfin. Sai ya tsaya. Ya juyo ya miƙa mata.

"Kai mu gida."

Ta dubi makullin, ta dube shi. "Ba kofi fa a motar."

"Na sani."

Ya zagaya ya zauna a gefe, ya ja bel, ya kwantar da kujerar baya kaɗan. Ta tayar da mota ta hau titi. Ya lura da yadda take duba madubi kafin ta sauya layi, da yadda take barin tazara tsakaninta da na gaba. Duk wanda ya koya mata ya koya mata da kyau, ya yarda da wannan a ransa, ya ji abin da ya daɗe a maƙogwaronsa ya wuce. Wani mai babur ya yanko gabansu, ta rage gudu tun kafin ya gama yankowa. Hannayen Dogon Zango na kan cinyarsa, ba su ko motsa ba. Iska na shigowa ta taga, injin na kuka daidai, gajiyar watanni ta sauko masa gaba ɗaya.

Matarsa na bakin ƙofa tun da ta ji ƙarar motar daga farkon layi. Ta ga Auta a kan sitiyari, ta kama haɓa. Ta matso da sauri za ta yi tambaya, Auta ta ɗora yatsa a kan leɓe, ta gyaɗa mata kai tana murmushi, sannan ta nuna gefe. Yana kwance, kansa ya karkata jikin taga, bakinsa a ɗan buɗe, matacciyar hular na kan cikinsa tana hawa tana sauka.

Matar ta daɗe tana kallonsa ta tagar. Tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya rufe ido a motar da wani ke ja ba, ko da ba shi da lafiya. Ta sa gefen mayafinta ta share ido, ta zura hannu ta zare hular daga kan cikinsa, ta juya ta tana duba ko za ta gyaru. Auta ta kai hannu za ta kashe mota.

"Kar ki kashe," in ji uwar da raɗa. "Ƙara zagayowa da shi."

Auta ta taka kuloci, ta sa giya, ta ɗago ƙafa har ta ji motar ta ɗauka, ta ɗan tsaya. Suka bar ƙofar gidan bai farka ba.